Labarin da Inna Ba Ta Ƙarasa Ba

Yau kwanana ashirin da uku a gidan autata a Ƙofar Ruwa, na zo mata zaman jego. Zaman jego dai ake cewa, amma in gaskiya za a bi, zaman kallo nake yi. Ruwan zafi a bango yake, a murɗa kan famfo ya zubo. Ba murhu, ba itace, ba hayaƙin da zai sa mutum hawaye tun da asuba. Likita ya ce kar a yi wanka da tafasasshen ruwa, kar a sha kunun kanwa, kar a gasa cibi, wani magani ake ɗiga masa. Ranar da na iso na kwance ƙullin ganyen darbejiyar da na taho da shi, yarinyar ta dube ni ta ce, "Mama, don Allah ki rufa mini asiri." Na mayar na ƙulle abina. Ban yi musu ba, su suka yi karatu, kuma mu ma mun binne masu jego da yawa ba mu san abin da ya kashe su ba. Ni dai aikina in riƙe jariri in uwarsa za ta yi barci, in kuma ce miya ta yi gishiri ko ba ta yi ba.

Abin da ya hana ni sakat daban ne. Autar nan tawa sunan ɗanta take kira, ɗan fari fa, gatsal, ya fi sau hamsin a wuni. Ta ɗaga shi sama, ta sumbace shi a goshi, a gaban mijinta, har a gaban surukinta da ya zo barka da rawaninsa. Ranar farko ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, na ja mayafi na rufe fuska, ni nake jin kunyar da ita ba ta ji. Da baƙi suka watse na ce, "Ke, ba ki da ta ido ne? Ɗan fari ne fa." Ta kwashe da dariya ta ce, "Mama, to ai ɗana ne. In ban so shi ba wa zai so mini shi?" Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji wani abu ya hana ni. Kishi ne, wallahi, ba zan ɓoye ba. Ina tsohuwa da furfurata, ina kishin jaririn da bai san hannunsa na dama ba. Tun daga ranar Inna ta dawo mini, in na rufe ido ita nake gani tsugune a bakin murhu.

Ni 'yar fari ce a wurin Inna. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan maganar ba. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka sai ta kau da kai har wani ya ce mata, "Haba, ba shi nono mana." Ana yaye shi kuma sai a ba kaka ko gwaggo ta riƙe. Kunya ake kiran abin, kuma macen da ta fi iya ta ita ake yabo, a ce gidansu an yi tarbiyya. To Inna ta iya, har misali ake yi da ita. Ana yaye ni aka kai ni Ƙofar Wambai wurin Iya, kakata ta wajen uba, a can na yi wayo, a can aka yi mini aure. In an kai ni gidanmu da Sallah, sai in ga Inna tana tsefe wa ƙannena kai, tana kiran kowa da sunansa, ni kuwa in ta ga dama ta ce, "Ke, an zo lafiya?" idonta na kan tukunya. In za ta yi maganata da wani sai ta ce "'yar Iya," ko ta ce "waccan." Na girma ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba, kuma tun ina ƙarama abin da nake jira ke nan.

Da na samu cikin fari, a ƙa'ida gida ya kamata in koma in haihu a yi mini wanka. To wane gidan? Iya ta rasu shekara guda bayan bikina. Baba ya riga ta. Inna tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan yayanta a nan Ƙofar Ruwa, gidan da yanzu aka rushe aka yi shagunan kayan gini, jiya ma na hango wurin ta taga. Maigidana, Allah ya jiƙansa, baduku ne, yana da rumfa a kasuwar Kurmi, mu kuma muna zaune a Jakara. Maraya ne, ba uwa, sai yayarsa guda da ke fama da nata gidan. Na haihu ranar wata Talata da damina, 'ya mace, a hannun ungozomar unguwa, wata tsohuwa mai baki kamar reza. Da la'asar ina kwance ina tunanin wa zai dafa mini ko ruwan sha, sai na ji sallama. Inna ce, da ƙullin kaya a ka, da buta, da kaza a hammata an ɗaure mata ƙafafu. Matan da suka zo barka suka yi ta zunɗe, don uwar mace ta kwana a gidan surukinta abin magana ne, balle uwar 'yar fari. Ungozoma ta dubi kazar ta ce, "Wadda ta zo da kazarta ai ba arba'in ta zo yi ba, zama ta zo yi." Inna ta wuce abinta. Ba ta dube ni ba ma, ta dai ajiye kaya ta ce, "Ina ake ajiye itace a gidan nan?"

Maigidana ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure. Shi da Inna abin dariya ne, ni kaɗai ce ban yi dariyar ba a lokacin. In zai shigo sai ya yi gyaran murya tun daga soro, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a bayan zana ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Ita kuma ta juya wa zanar baya, ta amsa wa bango, "Lafiya lau, malam. An gode da ɗawainiya." A haka suka yi wata guda da kwana goma, ban jin ɗayansu zai iya gane ɗaya a hanya. Ta bayan zanar nan ya roƙe ta, kwana biyu bayan suna. Ya ce, "Inna, kin ga ba mu da kowa. Don girman Allah ki zauna da mu ko zuwa yarinya ta fara zama." Inna ta ce, "Allah ya kai mu." Ina daga cikin ɗaki na ji, farin ciki ya kama ni har na cusa fuskata a filo. Wata biyar ko shida ke nan ni da uwata a gida ɗaya. Na ce a raina, a cikin watannin nan ko da subutar baki ne sai ta kira sunana.

Allah sarki, Jakarar wancan lokaci. Kafin ladan ya yi kiran farko zan ji ƙarar faskare, Inna ce ke fama da jiƙaƙƙen itace, tana hurawa tana tari. Kwaɗi na ta kuka a rafi, can kuma in gari ya soma haske sai masu bugun shuni su fara, tim tim, kamar ana daka a cikin ƙirjin mutum. Rabin durom take cikawa da ruwa, ya tafasa har yana tsalle, sannan ta leƙo ta ce, "Ke, taso, ruwa ya tafasa." In zauna a kujera 'yar tsuguno a bayan ɗaki, ta tsoma ganye ta fyaɗa mini a baya, a kafaɗa, a ciki. Zafi kam ba a magana, sai na ciji gefen zane. Amma ina gaya muku ban taɓa ƙin tashi ba, safe da yamma, domin a nan kaɗai hannun Inna yake taɓa jikina. In an gama ta shafa mini man kaɗanya, ta danna mini bayan wuya da babban yatsa, ta miƙo mini kunun kanwa a ƙwarya yana tururi, da nama an barbaɗe shi da yaji har hanci na zuba. Ba hira, ba tambaya. In na ce na ƙoshi ta ce, "Shanye." Yanzu kuwa mai jego shayi take sha da biredi tana latsa waya, in ka ce ta ƙara ta ce maka ƙiba take tsoro.

Da hantsi, in rana ta samu ta leƙo, shi ne lokacin jaririya. Inna ta baje tabarma a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da ita a kan cinya. Ta yi mata wanka da sabulun salo, ta ɗumama tafin hannu a kan garwashi ta gasa mata cibi, ta lanƙwasa 'yan hannuwan ta miƙar, ta ja hancin wai don ya yi tsini, ta zizara mata kwalli. A nan na ga wata Inna da ban sani ba. Matar da ba ta haɗa kalma biyar da ni, sai ga ta tana zuba kamar an buɗe famfo. "Ƙawata," take ce mata. "Ƙawata, wa ya taɓa mini ke? Bari in rama miki." Ta yi mata rawa a hannu, ta sunsuna wuyanta, ta yi dariya har da ƙyaƙyatawa. Jika ba kunya a tsakaninsu, abokiyar wasa ce. Ni kuwa ina zaune daga ciki a bakin gado, labule a ɗage, ina kallo ina haɗiyar zuciya. Ashe ta iya. Ashe duk shekarun nan ta iya.

Wajen kwana na goma ta fara labarin. Tana shafa wa jaririyar mai a goshi sai ta ce, "Ƙawata, kin ga wannan goshin naki? Na san wata yarinya mai irinsa sak." Daga ranar, kullum da hantsi sai an yi zancen wata yarinya. An haifi wata yarinya ranar Juma'a ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ɗakin ya yi yoyo aka tara kwano a gefen gado. Wata yarinya ba ta barci sai an kama mata kunne. Ranar da wata yarinya ta yi haƙorin farko ta gantsara wa uwarta cizo, uwar ta kasa ihu don surukarta na zaune. Da ta fara tafiya, bayan wata akuya ta bi har ta faɗa kwatami, uwar na gani daga madafi, amma sai da ta jira wata ta ɗauko ta. Duk wannan da murya sama take faɗa, ba raɗa ba, tana kuma zaune daidai inda zan ji. Yau da na tsufa na san abin da take yi. Ƙofa ɗaya al'ada ta bar mata a buɗe, ita ce ta yi magana da jika, ta nan take miƙo mini abin da ta riƙe shekara goma sha takwas. A lokacin kuwa yarinta da zafin kai sun rufe mini ido. Ni dai so nake ta juyo ta dube ni, ta kira ni, ta ce ke ce. Kullum in ta ce "wata yarinya" sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Ranar kwana na talatin da uku abin ya faru. Da safe wasu mata daga dangin maigidana suka zo duba mu. Jaririyar ta yi mini wani murmushi cikin barci, ban san lokacin da na ɗauke ta na manna a ƙirji ina sumbata ba. Sai na ji an zare ta daga hannuna. Inna ce. Ta ce a hankali, "Ajiye ta, mutane na kallo." Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Yo 'yar yau ce, sai an koya mata." Na cika fam, na kasa cin komai. Wato abin da aka yi mini shi ake so in yi wa tawa, kuma da hannun Inna za a koya mini.

Baƙi suka tafi, ungozoma ta tsaya tana shan sauran kunu a gindin turmi. Inna ta baje tabarmarta kamar kullum, ta ɗora jaririya a cinya. Ta ce, "Ƙawata, yau in ba ki labarin ranar da aka yaye wata yarinya? Da sassafe aka shafa wa nono maɗaci. Kakarta ta zo da sabon zanen goyo, ta goya ta, yarinyar tana miƙo hannu tana kuka. Uwar tana daka a tsakar gida, ta ce ita ko kallo ba za ta yi ba. Kowa ya ce kai, wannan akwai kunya. Suna fita daga zaure, sai uwar ta jingine taɓarya, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi..."

Ban bari ta kai ba. Zuciya ta ɗebe ni, na fito har bakin ƙofa na tsaya a kanta. Na ce, "Inna, in da ni kike, ga ni tsaye. Kwana ashirin kina ba jaririya labarin da ba ta ji, ni kuwa da kunnena. Ki dube ni ki faɗa mini mana. Ki kira sunana sau ɗaya. Ko shi ma kin manta ne?"

Ungozoma ta dire ƙwarya ta ce, "Innalillahi! Ke, uwarki kike titsiyewa? A gidan surukinta?" Maigidana kuma ashe ya dawo ɗaukar wani abu, yana bayan zana, na ji takunsa yana komawa da baya. Inna ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya cak a kan cikin jaririyar, na ga jijiyar wuyanta tana motsi, kunnuwanta kamar za su yi jini. Sannan ta naɗe jaririyar a zani, ta miƙa wa ungozoma, ta tashi ta nufi murhu. Da la'asar ta leƙo ta ce, "Ke, taso, ruwa ya tafasa." Shi ke nan abin da ta ce.

Kwana bakwai da suka rage ba abin da ta fasa. Wanka safe da yamma, kunu, man kaɗanya, babban yatsa a bayan wuya. Da hantsi ta yi wa ƙawarta wanka, ta yi mata rawa, amma ba a sake zancen wata yarinya ba. Ni kuwa taurin kai ya hana ni durƙusawa. Kullum in ce gobe zan ba ta haƙuri, ai muna tare har yarinya ta yi zama, me ake sauri? Ranar arba'in aka yi mini kitso da lalle, aka kashe murhun wanka, aka kwashe toka. Ina fitowa na tarar Inna ta ɗaure ƙullinta, buta a kai. Maigidana ya tsuguna a bayan zana ya ce, "Inna, ai mun yi da ke sai yarinya ta fara zama." Ta ce wa bango, "An yi arba'in, malam. Allah ya raya." Kalma ɗaya ta rage, daga bakina. Da na ce, "Inna, ki yafe mini, ki zauna," na rantse da ta kwance ƙullin nan, domin ta daɗe tana gyara ɗaurin da ba abin da ya same shi. Na yi tsaye ina kallon lallen ƙafata. Na raka ta zaure da jaririya a hannu, ta sunkuya ta ce mata, "Ƙawata, ki kula mini da mutanen gidan." Kazar tana kwance a kan ƙwai a bayan rumbu, ta bar ta, wai kar a tashe ta.

Kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya tara. Na ce in sun yi ƙwari zan aika mata da biyu, in haɗa da ban haƙuri. Ba su kai ga yin ƙwarin ba aka aiko daga Ƙofar Ruwa, wai Inna ba lafiya, zazzaɓi kwana biyu. Kafin maigidana ya dawo daga kasuwa ya ba ni izini, kafin in goya yarinya in ratsa lunguna, na tarar an ja mata zani har ka. Na yi kukan da ban taɓa yi ba, mata na cewa in yi haƙuri, 'yar fari ai ba ta saba da uwa ba, zafin zai zo da sauƙi. Bayan sadakar bakwai na bi duk wanda nake zaton ya sani. Na tambayi matar kawuna, na tambayi tsofaffin maƙwabtanmu, na ce ranar da aka yaye ni, da Inna ta ɗauki mayafi, ina ta je? Kowa sai ya ce, "Mayafi kuma? Mu dai mun san tana daka." Ba wanda ya gani. Labarin ya tafi da mai shi.

Za ku ce wadda ta sha wannan ba za ta shayar da 'yarta ba. Ni ma haka na rantse. To ina! Al'ada ba a wuyan mutum ɗaya take ba. In na ɗauki yarinyar a ce ba ni da kunya, in na yi mata wasa a ce dama an ji abin da na yi wa uwata. Don in wanke wancan sunan sai na zama na fi kowa, har ni ma aka soma misali da ni. Bakina bai taɓa kama sunanta ba. Da ta shekara biyu yayar maigidana ta zo da sabon zanen goyo, ta goya ta zuwa gidanta a Ƙofar Wambai. Ina daka a tsakar gida, ban ɗago ba. Suna fita na jingine taɓarya, na ɗauki mayafi, ni da ban taɓa taka ƙofar gida da rana ba izini ba. Na bi su daga nesa, lungu lungu, in sun waiwayo in raɓe a jikin katanga. Na tsaya a bayan gidan, daidai tagar ɗakin, ina jin kukanta, tana kirana, nono na zuba har ya jiƙa mini riga. Ban motsa ba sai da ta gaji ta yi shiru. Na dawo na ci gaba da dakana, ba wanda ya sani. Ina ganin abin da Inna ta yi ke nan. Ina gani ne kawai. Wataƙila ita a zaure ta tsaya ta juyo, wataƙila ta fi ni nisa, ban sani ba, kuma ba zan sani ba.

Yarinyar nan tawa yau ta haura hamsin, shugabar makaranta ce, da jikokinta biyu. Mutuniyar kirki, ba abin da ta rage ni da shi, ita ta kai ni Makka. Ƙannenta suna ce mini Mama. Ita gwaggonta take kira Umma, ni kuwa Hajiya.

Shekaranjiya da hantsi ta zo duba ƙanwarta. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya ƙafar?" Na ce da sauƙi. Ta zauna a kujera kusa da ni, autar ta shiga wanka ta bar mini jariri. Daga ni sai ita sai shi a falon. Na dubi furfurar da ta fito mata ta gefen ɗankwali, na tuna ciwon da ke cin ƙirjina wanda ban gaya wa kowa ba, na ce in ba yau ba sai yaushe. Na miƙe ƙafafu, na kwantar da yaron a cinya, na lakato mai na shafa masa. Na ce, "Angona, ka ga wannan goshin naka? Na san wata yarinya mai irinsa sak." Na ba shi labarin wata yarinya da aka haifa ranar Talata da damina, wadda kakarta ta zo da kaza a hammata. Na ce wata yarinya ta yi murmushi cikin barci, uwarta ta sumbace ta aka ƙwace. Ina yi ina satar kallonta. Tana murmushi, idonta na kan waya, ana ta aiko mata saƙo daga makaranta. Ta ce, "Hajiya ke nan. Ɗan kwana ashirin me ya sani da kike ba shi tarihi?" Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba. Na kai ranar yaye, na kai zanen goyo, na kai taɓarya. Na ce, "Suna fita daga zaure, sai uwar ta ɗauki mayafi..."

Ta duba agogo ta miƙe. Ta ce, "Kai, bari in gudu kafin hanyar Ƙofar Wambai ta cushe, ana jirana. Hajiya, sai na dawo ranar arba'in." Ba da wulaƙanci ta yi ba, ko kusa. Ba ta san ana magana da mutum ta bakin jariri ba, wa ya koya mata? Ni ce ya kamata in koya mata, ni kuwa ba a hannuna ta tashi ba.

A nan, da rabin magana a bakina, na gane abin da ban gane ba shekara hamsin. Kullum kaina nake yi wa kuka, ni da ban ji ƙarshen labari ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wadda labarin ya maƙale wa a maƙogwaro ba, ta ɗauke shi ta koma ɗaki ɗaya a gidan yayanta, ta kwanta da shi har aka ja mata zani. Ashe haka yake da nauyi. Wayyo Inna, ashe haka na yi miki.

Ta kai bakin ƙofa tana saka takalmi. Na ce yau kam sai na kira ta, al'ada ta ci kanta. Sunan yana nan a kan harshena, ni na fi kowa saninsa, na sha faɗarsa a sujada. Na tattara duk ƙarfina na buɗe baki.

"Ke," na ce.

Ta juyo da mukullin mota a hannu. "Na'am, Hajiya?"

Na dube ta, ta dube ni, tana jira. Na ce, "Ki gaida gida."

Ta ce za su ji, ta ja ƙofa. Na sunkuya na ƙarasa wa yaron labarin, tun daga lungu har bayan taga, har rigar da ta jiƙe, ban rage komai ba. Ko da na gama ya daɗe da yin barci.